Jar Saniyar Ƙetare

Ni dai ban taɓa zaton akwai ranar da dokar ƙasa da ƙasa za ta shigo gidanmu ba. A tunanina wannan zancen manya ne masu kwat, waɗanda ake ji a rediyo sun zauna a wani birni mai sanyi sun sa hannu a yarjejeniya. Ina ruwan malamar firamare a Kazaure da su? Sai ga shi wata jar saniya ta ja ni har tsakiyar maganar. Na sha rana, na yi faɗa, na yi kuka, amma har yau in na tuna, godiya ce take fara zuwa bakina.

Mu mutanen wata ruga ce da ta zama ƙauye, tsakanin Kanya Babba da Babura. Mahaifinmu, da muke ce wa Baffa, yana noma yana kiwo kamar yadda ya tarar da iyayensa. Wata shekara ciwon huhu ya shiga garkenmu ya yi mana shara. Da safe sai a fita a tarar wata ta miƙe ƙafa, gobe wata. Kafin mu ankara, turakun da muka taso muna gani cike sun koma itatuwa kawai a tsaye. Baffa kuwa, ka san makiyaya da haɗiye abu, sai dai ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Yana da wani amini a Nijar, wajen Magarya, wanda suka yi kiwo tare tun suna samari. Mu Baba na Ƙetare muke ce masa. Da labari ya kai masa bai aiko da jaje ba, da ƙafarsa ya zo, riƙe da igiyar wata jar karsana. A gaban arɗonmu, shugaban makiyayan wajen, da dattawan ruga ya miƙa wa Baffa igiyar ya ce habbanaye ce. Ga wanda bai sani ba, habbanaye al'ada ce ta makiyaya. In ɗan'uwanka ya rasa dabbobinsa sai ka ba shi aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu sau uku. 'Ya'yan nasa ne halak malak, uwar kuma ya mayar maka. Wanda ya bayar ba ya taɓa buɗe baki ya ce a dawo masa da ita, wannan babban abin kunya ne. Wanda aka bai wa shi ne zai san lokacin mayarwa.

Jar nan Allah Ya sa mata albarka. Haihuwa uku, duk mata, har babbar cikinsu ma ta fara haihuwa. Nono ya dawo gidanmu, Baffa ya dawo da dariyarsa. Tana yaye ta ukun ke nan ciwo ya kwantar da shi, irin ciwon da likita yake kallon ƙasa in ka tambaye shi. Kuma a daidai shekarar ce dangantaka ta yi tsami tsakanin ƙasashen biyu, aka rufe iyaka, daga baya aka buɗe ta rabi da rabi, yau a ce ana wucewa, gobe a ce ba a wucewa.

Wata Juma'a na hau mota daga Kazaure na je duba shi. Na same shi a rumfar ƙofar ɗakinsa, an jingina shi da buhun gero, yana tufka igiyar rama a cinyarsa. Ya gama ɗaya tana gefe a naɗe, ya kama ta biyu, hannun yana rawa.

Na ce, "Haba Baffa, mutum ko kofin kunu ba ya iya riƙewa, shi ne za ka zauna kana tufka? Har biyu kuma?"

Ya ce, "Igiya ba ta yawa a gidan makiyayi." Sannan ya sa aka kira yayana, wanda shi yake riƙe da shanun yanzu, ya ce mana, "Jar nan ta gama aikinta. Ina so ta koma hannun mai ita tun idona yana gani. Ba na son in kwanta a kabari da amanar wani a turkena. Kuma na ji an ce shekarun nan ba su yi wa mutanen can kyau ba."

Yayana ya ce, "To Baffa, ai daji ba shi da ƙofa. In na kora ta ta bayan gonaki, kafin rana ta yi zafi tana can. Kullum haka mutane suke yi."

Baffa ya ajiye igiyar ya dube shi. Ya ce, "Da rana tsaka aka kawo ta, a gaban mutane. Ba za a mayar da amana ta ɓarauniyar hanya ba. In 'yan sintiri suka kama ta a daji, me zan ce wa mai ita? Me zan ce wa Allah?" Ya juyo wajena ya ce, "Ke ce 'yar boko. Je ki nemo mata hanya."

Wallahi ni har dariya na yi a zuciyata. Na ce wannan ai aikin wuni guda ne.

Na fara da ofishin kwastan na bakin iyaka, arewa da Babura. Jami'in mutum ne mai fara'a, har ruwa ya sa aka ba ni. Ya ce a wajensu saniya kaya ce, kamar buhun masara, kuma a lokacin akwai umarnin da ya hana fitar da dabbobi. In ma za a ba ta izini na musamman, sai likitan dabbobi ya tabbatar lafiyarta ƙalau. Na hau babur na koma Babura wajen likitan dabbobi, wani dattijo mutumin Gwiwa mai farin gemu. Shi kuma ya ce a wajensa saniya ba kaya ba ce, jiki ce mai iya ɗaukar cuta. Akwai ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita a kan lafiyar dabbobi, sai an yi mata allura, a ware ta a zuba mata ido na wani lokaci. Amma ba zai fara ƙirga mata wannan lokacin ba sai ya ga izinin fita daga kwastan. Na koma kwastan, suka ce izininsu wa'adinsa gajere ne. Da na haɗa lissafi sai na ga zai ƙare tun kafin zuba idon likita ya cika.

Wani ya ce mini in gwada ta wajen yarjejeniyar kiwo, wadda ta ba makiyaya damar ƙetara iyaka da garkensu. Na je. Aka ce wannan gaskiya ne, amma ta garken da zai je kiwo ya dawo ce. Saniyar taku za ta dawo? Na ce a'a. Aka ce to ba ta cikin wannan. Na aika aka tambayo mini jami'an can ɓangaren Nijar, su kuma suka ce yanzu maganar tsaro ce a gaba da komai, ba abin da zai shigo sai da sanin shugabansu.

A zuwa na uku ne haƙurina ya ƙare. Na ce wa jami'in kwastan, "Ranka ya daɗe, saniya ɗaya ce fa, ba tirela ba! Ba sayar da ita za mu yi ba, ba yanka ta za mu yi ba. Tsoho ne yake kwance yana jiran ya ji ta isa. Wai ku duk ba Musulmi ba ne?" Har yanzu ina jin kunyar mutanen da suka juyo suna kallona. Shi kuwa bawan Allah bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malama, ni ma ina da uba. Amma in na bar taki ta wuce ba bisa ƙa'ida ba, gobe mai tirelar zai zo ya ce shi ma aro ne." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Duk wanda na je wajensa gaskiya yake faɗa, ba wanda ya nemi ko sisi a hannuna, amma saniya tana nan a turke, Baffa kuma kullum ƙara shiga katifa yake yi.

Ina da wata ƙawa tun makarantar kwana, 'yar Roni, wadda ta karanci shari'a har ta zama malama a jami'a, kuma fanninta ke nan, dokar ƙasa da ƙasa. Na ji ta zo gida hutu, ranar Asabar na hau babur na bi ta cikin duwatsun garinsu na same ta a tsakar gidansu tana ɓarar gyaɗa da mahaifiyarta. Ko gaisuwa ban gama ba na fara zazzaga mata. Na ce, "Ku ne masu koyar da wannan shirmen, ko? Saniya ɗaya, doka huɗu, kowace tana jan ƙafa ɗaya. Wa ya rubuta muku wannan, mahaukaci?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "'Yar Fillo, zuciyar nan taki ta barkono har yau ba ta huce ba? Zauna ki ci gyaɗa."

Da na zauna sai ta ce ba mutum ɗaya ya rubuta ba, matsalar ke nan. A cikin ƙasa akwai majalisa guda da babbar kotu guda, in dokoki sun yi karo akwai mai raba gardama. Tsakanin ƙasashe kuwa babu sarki guda. Masu kasuwanci sun zauna sun yi tasu yarjejeniyar, masu lafiya sun yi tasu a wata shekarar a wani gari, masu kiwo sun yi tasu, kowace ƙasa kuma ta riƙe ikonta a kan tsaron ƙofarta. Kowa matsalar da ke gabansa ya duba, ba wanda ya zauna yana tunanin jar saniyar Baffa. Ta ce kamar babban gida ne da 'ya'ya suka girma, kowa ya kewaye sashensa ya fasa ƙofarsa.

Na ce, "To shi ke nan, gida ya watse."

Ta ce, "Bai watse ba, zaure ɗaya ne har yanzu. Duk yarjejeniyoyin nan a kan abu guda suke tsaye, cewa alƙawari kaya ne, wanda ya ɗauka dole ya sauke, kuma da kyakkyawar niyya. Abin da mahaifinki yake son yi da saniyar nan, shi ne tushen duk abin da nake koyarwa. Akwai kuma wata ƙa'ida: in dokoki biyu sun yi kamar za su yi karo, kada a yi saurin cewa ɗaya ta kashe ɗaya, a fara neman karatun da zai bar kowace a tsaye." Ta ɗebi gyaɗa ta zuba mini a hannu ta ce, "Ke kina bin su ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ganin saniyarsa daban. Wannan kaya yake gani, wancan majinyaciya, wancan matafiyiya. Ki tara su wuri guda su kalli saniya guda. Ni ba ni da ikon sa su zauna, amma a cikinsu ba a rasa mai iyawa."

Na koma wajen dattijon likitan nan na Gwiwa, wannan karon na rage murya. Na faɗa masa yadda muka yi da ƙawata. Ya shafa gemu, sannan ya ce shi da takwaransa na can ɓangaren sun daɗe da sanin juna, don in ana allurar shanu a bakin iyaka tare suke yi, tun da cuta ba ta tsayawa a duba mata fasfo. A gabana ya ɗauki waya ya kira shi. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka yi zancen farashin dusa, ni ina zaune kamar a kan ƙaya, sai can ya shigar da maganar. Daga nan ya hau babur ɗinsa da kansa ya je ya sami jami'in kwastan. Ba aikinsa ba ne, ba wanda ya sa shi. Allah Ya saka wa wannan bawa da alheri, Ya ji ƙan iyayensa.

Ranar kasuwar Babura aka haɗu, a ƙarƙashin wata bishiyar maina a gefen kara, inda ake cinikin shanu. Yayana ya koro jar tun safe, arɗo ya zo da sandarsa. Ga likitocin biyu, ga jami'in kwastan, ga wani jami'i daga can ɓangaren da shugabansu ya turo, dogo, mai Hausar Damagaram. Arɗo ya ba da shaida cewa a gabansa aka kawo ta. Sai likitan Nijar ya kama kunnen saniyar ya ɗaga, ya nuna tsagar da aka yi mata tun tana 'yar maraƙa. Ya ce wannan shaidar gidan wane ce a wajen Magarya, ya san ta, ya sha yi wa shanunsu allura. Dogon jami'in da ya ji kalmar habbanaye sai fuskarsa ta saki. Ya ce, "Madam, ai da nonon habbanaye aka raini babana." Ya ce shi damuwarsa ya san wa zai shigo, da me, wajen wa, kuma yanzu ya sani.

Jami'in kwastan ya daɗe yana kallon kunnen nan. Can ya ce, "Umarnin da ke hannuna ya hana fitar da dabbar ƙasa don ciniki. Wannan kuwa ba tamu ba ce, ba kuma ciniki ba ne. Baƙuwa ce za ta koma gida." Ya ce zai sanar da na sama da shi, in sun amince, ba zai fitar da izinin ba sai ranar da zuba idon likita ya cika. Likita ya ce in haka ne wannan maganar ta ishe shi ya fara, a nan take ya buɗe jakarsa ya yi mata allura. Ba wanda ya karya dokarsa a cikinsu, ba wanda ya kau da kai. Ni da na zo da shirin faɗa sai na ja mayafi na rufe fuska. Jami'in kwastan ya ce, "Malama, yau ba za a tambaye mu ko mu Musulmi ne ba?" Aka fashe da dariya, har da ni.

Sai jira. Wannan jiran shi ya fi komai wuya. Baffa ya daina cin tuwo, ya koma kunu, daga kunu ya koma ruwa. Na ɗauki hutu a makaranta na dawo gida. Kullum in na shiga gaishe shi tambayarsa ɗaya ce, "Ta tafi?" In ce saura kaɗan. Rannan na fito na sami yayana a bayan ɗaki na ce masa, "Yaya, don Allah kora ta ta daji, mu ce masa ta ƙofa ta bi." Yayana, wanda shi ya fara kawo wannan shawarar, ya ce, "A'a. Yanzu mutane sun sa bakinsu saboda mu. In muka yi haka, gobe wa zai ƙara yarda da mai habbanaye?"

Allah da ikonSa, wa'adi ya cika Baffa yana numfashi. Da hantsi aka kawo masa jar har ƙofar ɗaki. Ya ba da igiyar da ya tufka aka ɗaura mata, ya ɗora hannu a goshinta, ya yi mata magana da Fillanci a hankali. Muka kama hanya, yayana yana jan ta, ni da arɗo muna biye. A bakin iyaka aka ɗaga mata sandar shinge kamar wata babbar baƙuwa, dogon jami'in har ya sara mata don zolaya.

Da muka isa gidan Baba na Ƙetare ne na ga abin da ban zata ba. Na san gidan tun ina yarinya, na san yadda ƙarar shanu take tarar mutum tun daga nesa. Ranar shiru. Turaku suna nan a jere, ba ko akuya. Fari ya ci wasu, ciwo ya ci wasu, sauran an sayar an sayi hatsi. Shekara biyu ke nan yana cikin wannan hali, saniyarsa tana wajenmu tana ba mu nono, bai taɓa aiko da ko alama ba. Ya fito yana dogara sanda, ya karɓi igiyar a gaban maƙwabtansa, ya ce, "Ai da bai yi gaggawa ba." Kai, wasu mutanen Allah Ya yi su da wani irin ƙarfe!

Washegari muka dawo. Na durƙusa kusa da kan Baffa na ce, "Ta isa, Baffa. Ta ƙofa ta bi, da rana tsaka, a gaban mutane."

Ya lumshe ido ya ce, "Alhamdu lillahi." Can ya buɗe ya ce, "Ta shiga garke lafiya? Sauran ba su tunkuɗe ta ba?"

Na dubi yayana, yayana ya dubi ƙasa. Na ce, "Babu garke, Baffa. Ita kaɗai ce a turke."

Bai yi mamaki ba. Ya lalubi ƙarƙashin matashinsa ya jawo igiya ta biyun nan, ya miƙo mini. Ya ce, "'Yarta ta tsakiya, mai ɗigon fari a goshi. Ku kai masa. Ku ce habbanaye ce."

Na ce, "Baffa! Wannan kam haifaffiyar nan ce, tsagar gidanmu ce a kunnenta. Duk hujjar da muka kafa a kan uwar ba ta hau kanta ba. Daga farko za a sake!"

Ya yi wani ɗan murmushi ya ce, "Ai yanzu kin san ƙofofin."

Bai ga tafiyar karsanar ba, a cikin makon ya cika. Ita kuwa sai da ta fi uwarta wahalar da mu, don da gaske sabuwar tambaya ce. Ƙawata ta Roni ta yi ta buga waya tana duba littattafanta, likitan Gwiwa ya sake hawa babur ɗinsa, aka sake zama a ƙarƙashin maina har sau biyu, ni kuma na yi ƙoƙari ban yi wa kowa tsawa ba sai sau ɗaya. Bayan an sassauta umarnin fitar da dabbobi aka samo mata hanya. Ban san sunayen waɗanda suka rubuta yarjejeniyoyin can ba, amma na san fuskokin waɗanda suka zauna suka haɗa su wuri guda saboda wani tsoho da ba su taɓa gani ba, kuma ba na sallah in manta da su.

Wannan karon Baba na Ƙetare har bakin iyaka ya zo ya tarye mu. Yayana ya miƙa masa igiyar ya faɗi saƙon Baffa. Tsohon bai kalli karsanar ba, igiyar ya tsura wa ido. Ya bi ta da yatsa, daga inda tufkar ta yi ƙarfi har zuwa inda ta fara sakwarkwacewa, wajen da hannun ya riƙa rawa.

Ya ce, "Wannan tufkarsa ce." Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, mu kuma muka juya muna kallon hanya har ya gama.